Yadda za ka jera kaya a butik ɗinka har mai wucewa ya tsaya

Salamu alaikum ƴan uwa ƴan kasuwa. Kwanaki wani ƙanena da ya buɗe butik a unguwar Talladje ta Yamai ya kira ni wai in zo in duba masa, wata biyu ke nan ciniki ba ya tafiya alhali kaya ya zuba na gaske, ɗan abin da ya tara kaf ya sa a ciki. Da na je ban ma shiga ba, na tsaya a tsallaken hanya wajen mai shayi na ce masa zo nan ka tsaya kusa da ni, me kake gani? Ya yi shiru. Abin da ake hangowa ƙofa ce baƙa ƙirin kamar bakin rijiya, buhun shinkafa uku a bakinta, ga bokitai an rataye sun rufe rabin ƙofar. Madara, sukari, mai, turare, duk suna can ciki cikin duhu, wanda bai sani ba sai ya ɗauka magaza ce ta ajiyar kaya. Ni kuwa tun ina yaron shago wurin kawuna a babbar kasuwar Tahoua nake jera kaya, kafin in zo Yamai in buɗe nawa, don haka na ga ya kamata in rubuta yadda muka gyara wurin nan daki-daki ko wani zai amfana.

Abu na farko ke nan da za ka yi, kuma ko dala ba za ka kashe ba: ka fita daga butik ɗinka ka tsallaka hanya ka kalle shi. Ka yi haka sau uku, da safe, da rana tsaka, da bayan magariba. Ka lura ta wane gefe mutane suka fi fitowa, daga masallaci ne, daga lekwal ne, ko daga inda faba-faba da taksi ke sauke mutane, saboda kayanka su za su fuskanta. Ka lura kuma ƙarfe nawa rana ke bugun ƙofarka. Hasken ranar Yamai yana da ƙarfi ƙwarai, mutumin da ke tafiya a cikinsa in ya kalli cikin shago duhu kawai yake gani, abin da ke cikin mita ɗaya daga bakin ƙofa shi kaɗai idonsa ke kamawa. To wannan mita ɗayan ita ce wuri mafi tsada a shagonka, kuma mafi yawanmu buhu da fankon bido muke ajiyewa a wurin.

Bayan nan ka zaɓi rana, ko da daddare ne bayan ka rufe, ka fitar da kayan duka ka raba su kashi uku. Akwai kayan da su ke kawo mutum da ƙafarsa, shinkafa, mai, sukari, taliya, magi, waɗannan ko ka ɓoye su sai an tambaya, don haka ba su buƙatar wuri mai kyau, can ciki ko ƙasa ya ishe su. Akwai kayan da riba take a cikinsu amma ba kullum ake tuna su ba, irin su man shafawa, turare, mayonez, sardin, biskit mai ɗan tsada. Sai kuma ƙananan kayan da mutum ke ɗauka da canjinsa, alawa, cingam, ashana, batir, reza. Tun da shagon ya zama fili, ka ɗauki mita ka auna tsawo da faɗi da tsayin bango, ka rubuta, sannan ka samu alli ka zana a ƙasa inda kowace kantar jera kaya za ta zauna. Ka bar hanya ta akalla santimita 90 zuwa mita ɗaya. Ka gwada da jikinka, ka tuna mace mai goyo da leda a hannu za ta shiga ta juya, in goyonta zai bugi gwangwani ya faɗi to ba za ta sake shiga ba, daga waje za ta dinga miƙo kuɗi, kuma wanda bai shiga ba abin da ya zo saye kawai zai saya.

Yanzu maganar haɗa kanta, wato etajer, nan ne mutane suka fi asarar kuɗi don haka bari in ɗan daɗe. A Yamai kasuwar Katako ce wurin wannan aiki, falanki, kontirplake, ƙarfe, ƙusa, fenti, sabo da tsoho duk akwai, ga kafintoci da masu walda a nan kusa. Kada ka je ka ce wa kafinta kawai “yi mini etajer”, zai yi maka irin wadda ya saba. Ka je da takardarka da awonka. Fallen kontirplake guda tsawonsa santimita 244 ne faɗinsa 122, in aka tsaga shi ta tsawo gida huɗu za ka samu allo huɗu masu faɗin wajen santimita 30 kowane, babu abin da za a zubar. Wannan faɗin ya isa gwangwani, kwalba, kwalin shayi da sabuni. In ka yi kanta mai zurfi fiye da santimita 40 a sama, kaya za su dinga ɓacewa a baya har kwanansu ya wuce ba ka sani ba. Hawa na ƙasa ne kawai za ka faɗaɗa zuwa 50 saboda bido da katan. Kauri kuwa kada ka yarda da na mili 8 ko 10 don araha, ka nemi 15 ko 18.

Tsakanin ƙafa da ƙafa kada ya wuce santimita 80, in kayan nauyi ne ma 60. Wannan da idona na gani a shagona na farko, wani kafinta ya yi mini allo mai tsawon mita ɗaya da rabi ba tokari a tsakiya, na jera tumatirin gwangwani da kwalaben mai, wata uku allon ya lanƙwashe kamar baka, wata safiya na buɗe ƙofa na tarar ya karye mai ya malale ya jiƙa katan biyu na sukari. Tun ran nan ko wa zai yi mini aiki ina tsaye da mita a hannu. Tsakanin hawa da hawa santimita 30 zuwa 35 ya yi, amma ka ɗauki kwalbar da ta fi tsawo cikin kayanka ka auna ka ƙara yatsa huɗu don hannu ya shiga. Hawa na ƙasa ka ɗaga shi santimita 15 daga ƙasa, saboda tsintsiya ta shiga, ɓera bai samu maɓoya ba, kuma in ruwan Agusta ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, wanda a unguwanni da yawa na Yamai ba baƙon abu ba ne, bai taɓa kayan ba. In da hali ka sa mai walda ya yi maka ƙafafun da ƙarfe mai kusurwa, korniyer, sai a ɗora allon katako a kai, gara ba ta cin ƙarfe. In katako ne duka ka shafa baƙin mai a gindin ƙafafun kawai, ban da inda abinci zai zauna. Tsayin kantar gaba ɗaya mita biyu ya isa, kuma dole a kafe ta a bango da bis, a huda bangon a tura robar nan sannan a murɗa, don yaro yana iya kama hawa ya ɗare. A sa nibo, ma'aunin nan na magina, a gani ta miƙe, in babu nibo kwalbar ruwa rabi a kwance ma tana nuna maka. Fenti fari ko ruwan madara, yana ƙara haske kuma kalar kayan ce ke fitowa. Ka bari ya bushe kwana biyu uku ƙofa a buɗe kafin ka ɗora abinci, warin fenti yana kama sukari da garin madara.

Sai abin da na fi so, matakalar bakin ƙofa. Da ragowar allon nan kafinta zai haɗa maka hawa uku kamar matakalar bene, kowane hawa tsayi santimita 20 zurfi 25, faɗinta kamar santimita 80, a ɗora ta kan ɗan tebur ko a yi mata ƙafafu yadda hawan farko zai kai gwiwa zuwa cinya. In ka sa mata ƙananan tayu huɗu, da dare turowa kawai za ka yi ciki. Ka ajiye ta a gefe ɗaya na ƙofa, tana ɗan karkata ta fuskanci inda mutane ke fitowa, ƙofar kanta kuma ka bar ta a buɗe sarai. A kan matakalar nan kada ka zuba komai da komai. Kaya iri ɗaya, in ya yi yawa iri uku masu tafiya tare, amma da yawa, a cike. Gwangwanin madara talatin an jera su kamar dala daga nesa ido na kama su, madara ɗaya sardin ɗaya omo ɗaya man goge baki ɗaya kuwa daga tsallaken hanya tarkace ne. In ba ka da jarin cika ta ka sa fankon katan a ƙasa da baya ka lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, kayan gaske a gaba da sama, ba yaudara ba ce tunda abin da mutum zai ɗauka na gaske ne.

Amma fa kada ka biye wa maƙwabta ka fito da kaya har bakin kwalta. Waɗanda suke Yamai a 2016 sun ga yadda hukumomin birni suka bi manyan tituna suna rushe kiyos da rumfunan da suka ci hanya. Ka tsaya iyakar barandarka, kuma duk abin da za ka fitar ya zama wanda mutum ɗaya zai iya mayarwa ciki cikin minti biyar, don hadari ma in ya taso da iska da jar ƙurar nan ba ya jiran kowa.

Bangon da ke gefen ƙofa ko bayan kantar biya, ka kafa ragar ƙarfe, giriyaj mai manyan ido, ka lanƙwasa waya ka yi ƙugiyoyi. Duk kayan sashe masu jere, madara, kofi, omo, shamfu, nan ne wurinsu, kowane iri layinsa daga sama zuwa ƙasa. Ka daina rataye su a igiya a tsakiyar ƙofa suna bugun fuskar mutane suna tare haske.

To an gama gini, saura jeri. Ka tsaya gaban kanta ka miƙa hannu, daga ƙirjinka zuwa idonka, wato kamar daga mita 1 da 20 zuwa mita 1 da 60, nan ne kaya suka fi tafiya, nan za ka sa kashi na biyun nan masu riba. Masu nauyi ƙasa, marasa nauyi irin su takardar goge hannu da famfas sama. Kayan yara ka saukar daidai idonsu amma inda kai ma kana gani. Kowane gwangwani fuskarsa ta kalli waje, a jawo shi bakin allo, in an sayi na gaba ka jawo na baya ya cike gurbin, kanta mai giɓi kamar bakin da haƙora suka zube take, mutum na gani zai ce shagon nan ya fara mutuwa. In sabon kaya ya zo ka sa shi baya, tsoho ya dawo gaba, ka dinga duba kwanan da ke gindin gwangwani, wanda ya kumbura kuwa ka cire shi gaba ɗaya. Kawuna Allah ya jiƙansa kullum da asuba kafin ya karya sai ya bi kanta da hannu yana juya gwangwani ɗaya-ɗaya, in ya ga na bar ɗaya ya ba da baya sai ya ce “ɗana, kai ma in ka juya wa baƙo ƙeya ai ba zai gaishe ka ba.”

Ka haɗa kayan da ake amfani da su tare. Ganyen shayi kusa da sukari da ƙananan kofunan shayi da na'a-na'a in kana sayarwa, don ɗan fada da aka aiko sayen shayi ya ɗauka gaba ɗaya. Taliya kusa da tumatir da sardin da magi. Amma sabuni, omo, turare, maganin sauro, kananzir, waɗannan bangonsu daban, nesa da abinci. Sukari da biskit da garin madara suna shan wari kamar soso. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta taɓa dawo mini da sukarin dala hamsin ta ce “Malam, shaƙa ka ji, kunun jikokina yau sabuni suka sha.” Gaskiyarta, katan ɗin sukarin kwana huɗu yana jingine da na sabuni. Na canza mata na ba ta haƙuri, ran nan na raba su. Ƙananan kaya masu tsada, turare, katin waya, caja, batir, su kuma cikin akwatin gilashi a kan kantar biya ko bayanka, a gan su amma sai ka miƙa. Ƙaramin madubi a kusurwar sama yana nuna maka lungun da idonka ba ya kaiwa.

Maganar rubuta kuɗi na san wasu ba za su yarda da ni ba, sun fi son a tambaya su kalli mutum sannan su yanka. A atamfa da shadda da takalmi ban hana ciniki ba, al'adarmu ce. Amma a kayan masarufi rubuta kuɗi yana jawo mutane, don akwai masu yawa da kunya ke hana su tambaya, suna tsoron a faɗi kuɗin da ba su da shi a gaban jama'a, sai su wuce. Ka yanka farin kwali kamar tafin hannu, na matakalar waje kuma kamar fallen kaye, wato littafin rubutu, ka rubuta da markar baƙi, lamba manya-manya, 250 F, 500 F, 1000 F, ban da dogon bayani. Da baki muna cewa dala hamsin, ɗari, jika, amma a rubuce ka bi lambar da ke jikin kuɗin, ita Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafulatani duk suka sani. In kuɗin kaya ya canza ka canza kwalin a ranar, kada ka soke ka rubuta a kai, kuma kada ka bar tsohon kuɗi a manne kana faɗin wani, rigima ce kake saye.

Haske. Ampul ɗaya a tsakiyar rufi bai isa ba, inuwarka ma tana rufe kayan. Ka sa doguwar fitilar LED a saman gaban kowace kanta tana haska fuskar kayan, da wata a saman matakalar ƙofa, kuma ka bar ta cikin a kunne ko da rana saboda duhun nan da na faɗa. LED ba ta cin kuran, wato wutar lantarki, sosai kuma ba ta zafi, wanda ga mai cakulan da man shafawa babban abu ne. Ka samu ko biyu masu caji, ko ƙaramin sola, lokacin zafi in kuran ya ɗauke shagon da ya rage da haske a layi shi ake nufa. Waya kuwa don Allah ka kira mai aikin wuta na gaske, a sa ta cikin bututu, kada a bi da ita bayan katan ana ɗaurawa da leda. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982 sai 1987 aka sake buɗe ta, ƙaramar kasuwa Petit Marché ta ƙone a 2012, duk ɗan kasuwar garin nan ya san abin da gobara ke yi wa jarin shekaru a dare ɗaya.

Rana da ƙura su ne abokan faɗanka kullum. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, rana na kashe kalar kwali da atamfa cikin ƴan kwanaki, man shafawa ya narke ya rabu, man girki ya canza ɗanɗano. In ƙofarka na kallon yamma ka sa rumfa ko ka saki asabari daga azahar, kuma abin da ke lalacewa ka sa fankonsa a waje na gasken yana ciki. Mai atamfa ya dinga canza turmin da ke gaba duk kwana biyu uku. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shara da safe kawai ba ta isa, ka yayyafa ruwa a ƙofar shago kafin ka share, ka bi kaya da tsumma mai ɗan laima safe da la'asar, kada ka kaɗe da busasshe don ƙurar tashi take ta sauka kan na kusa. Gwangwani mai ƙura ko jiya ya zo tsoho yake a idon kiliya, wato mai saye.

Matakalar nan kada ta wuce sati biyu da kaya iri ɗaya, ido na sabawa ya daina gani. Ka bi lokaci. Kwana goma kafin azumi sukari, dabino, madara, shayi, bisap. Kafin Sallar layya kayan yaji, mai, wuƙaƙe, gawayi in kana kawowa, manyan robobi. Ƙarshen Satumba kafin komawa lekwal a Oktoba kaye, bik, alli, ardwaz. Hunturu bazilin da man kaɗe da man leɓe, damina maganin sauro da tocila. Kantocin ciki kuwa kada ka yi ta sauya musu wuri, kiliyanka na kullum sun san inda magi yake, ka bar musu.

Don ka san ko aikin ya yi, ka sayi kaye na dala ashirin ko talatin, sati guda kafin ka ɗora kaya a matakala ka rubuta guda nawa kake sayarwa a rana, bayan ka ɗora ka ci gaba da rubutawa sati guda. Wanda ya motsa ka san wurin ya karɓe shi, wanda bai motsa ba ka sauke ka gwada wani.

Na ƙanena kwana uku muka yi, ranar farko fitar da kaya da awo, ta biyu Katako da kafinta, ta uku muka kafa ragar da fitilu, jerin abinci sai da fenti ya bushe. Buhunan shinkafar nan suka koma can ƙurya kan falanki, bokitan muka jera su cikin juna a gefe, a matakala muka sa madarar gwangwani da ganyen shayi da sukari da kwalin kuɗinsu. Muna cikin goge hannu mai shayin tsallaken hanya ya ƙetaro ya tsaya yana kallo, ya ce da ma kana da wannan madarar nake tura yaro har bakin kasuwa? Ya ɗauki gwangwani shida. Satin nan zan koma mu duba kayen tare, mu ga abin da za mu ɗora na gaba.